Littafin da ya tsufa a hannu

Wata rana da la'asar, a wani ƙauye na bakin Komadugu, kudu da Maine-Sorowa, muka tashi daga ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya kama hanyar gida, sai wani dattijo manomin tattasai ya tsaya. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya sa hannu aljihu ya fiddo littafinsa na karatu. Bango ya fita. Gefen takardun ya yi baƙi. Wani shafi ya rabe biyu, an ɗinke shi da baƙin zare.

Ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Amanar da ka ba ni ta lalace. In biya ne, sai in biya."

Na ce, "Baba, ina ka ke ajiye shi?"

Ya ce, "A aljihu. In na gaji da ban-ruwa, sai in zauna gindin itace in duba. Da dare ma in duba da cocila. Zufa ce da ƙasar gona suka yi masa haka."

Na karɓi littafin, na buɗe tsakiya, na miƙa masa. Na ce, "To Baba, karanta mini nan." Ya karanta shafin daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ba sai wuri ɗaya. Na ce, "Baba, babu biya tsakaninmu. Abin da aka ba ka littafin dominsa, ka yi shi."

A wannan aji kuma akwai wata mata mai ƙoƙari ƙwarai. Ita ce ta fara gane baƙaƙe kafin kowa. Da aka rufe aji, ta naɗe littafinta cikin sabon ɗankwali, ta sa ƙasan akwati tare da kayan sallarta, don kada yara su ɓata shi. Bayan shekara guda na koma ƙauyen. Na ce, "Inna, ina karatu?" Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Da ta kwance ɗankwalin, sai ga gara ta cinye rabin littafin. Sauran rabin da ya rage na ce ta karanta. Ta dube shi, ta daɗe, sannan ta ce, "Malam, baƙaƙen nan na san fuskarsu, amma sunayensu sun gudu."

Ƴan'uwa masu karatu, littattafan nan biyu duk sun lalace. Amma na dattijon ya bar karatu a kan mai shi kafin ya ƙare. Na matar nan ya tafi da karatun gaba ɗaya. Wannan shi ne darasinmu na yau.

Littafin da mahaifina ya saya mini

Ni ma ina da wani tsohon littafi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin manda da kanwa ya ke yi zuwa Gaidam da Nguru. Yana da karatun allo, amma bai san boko ba. A shekarar 1992 ya dawo daga Nguru da wani littafi cikin kayansa. Ya ce ya ga ana karanta wa mutane shi a wata rumfa suna ta dariya, shi ne ya saya mini. Ya ce, "Kai da ke zuwa lakwal, zo ka karanta mana mu ji."

Sunan littafin Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi a Zariya. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Littafin kashi uku ne, an buga su tsakanin 1937 da 1939. Shi ne kuma ya rubuta Ruwan Bagaja, ya kuma yi aikin editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ku duba: mutum ya yi rubutu kafin a haifi mahaifina, ga shi har yau ana karanta shi.

Ranar farko na sha kunya. A lakwal da faransanci mushe ya koya mana karatu, babu wanda ya taɓa nuna mini yadda ake rubuta hausa. Ko sunan littafin ban faɗa daidai ba. Kalmar "ce" na karanta ta "se", kamar yadda ake yi a faransanci. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, na zaci injin buga littafin ne ya yi kuskure. Ga shi a gidanmu barbarci muke yi, hausar kasuwa kaɗai na sani. Shafi ɗaya ya ci mini dare guda. Mahaifina ya yi haƙuri da ni. Ya ce, "A makarantar allo ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Sake daga farko."

Na sake. Na kuma sakewa. Kafin damina ta wuce, ina karanta labari guda ba tare da na tsaya ba, ƙannena da ƴaƴan maƙwabta suna zaune kan tabarma suna saurare. Daga wannan shekara har yau, babu shekarar da ban koma wa littafin nan ba. Bangonsa na asali ya tafi tun ina kwaleji. Sau uku ana ɗinke shi. Kusurwar da yatsa ke kamawa ta yi laushi kamar tsohon zane. Akwai ɗigon man fitila a wani shafi, akwai kuma inda akuya ta gutsuri baki. Takardu biyu na ƙarshe sun ɓace, amma in na kai wurin ba na tsayawa, don abin da ke cikinsu yana kaina.

Me ya sa ake sake karanta abin da aka riga aka karanta?

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata. Ya ce, "Malam, na gama littafin nan, na san ƙarshensa. In sake shi don me?" Ga amsar da na ba shi.

Karatu na farko na baƙaƙe ne. Kana haɗa baƙi da wasali, kana cewa "ta, tta, sai", kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa. Duk ƙarfinka ya tafi wajen haɗawa, ma'ana ba ta samu wurin zama ba.

Karatu na biyu na kalmomi ne. Ido ya fara sabawa. Ka ga "tattasai", ka gane ta gaba ɗaya, kamar yadda ka ke gane maƙwabcinka daga nesa ba sai ka duba hancinsa da kunnensa ɗaya ɗaya ba.

Karatu na uku na magana ne. A nan ne za ka ji abin da mai rubutu ke faɗa maka. A nan ne za ka yi dariya inda ya kamata a yi dariya, ka yi shiru inda ya kamata a yi tunani.

Wanda ya tsaya a karatu na farko ya ce ya gama, ya sha wahalar littafin amma bai ɗanɗani daɗinsa ba.

Kuma kalmomin da ka saba da su a tsohon littafinka su ne za ka tarar a wasu wurare. "Da", "ba", "kuma", "ranar", "kuɗi", "buhu", "magani", ko'ina suna nan: a wasiƙa, a takardar ƙungiya, a saƙon da ɗanka ya aiko ta salula. In idonka ya san su tun a gida, sabuwar takarda ba za ta tsorata ka ba. Kalma uku ko huɗu ne kawai za su zama baƙi, sauran duk ƴan gida ne.

Mu mutanen ƙasar Manga mun san halin rairayi. Hanyar da ake bi kullum zuwa rijiya tana nan a fili, ko da dare ba ka ɓata. Wadda aka bari wata uku, iska ta hunturu ta rufe ta, sai ka rantse ba a taɓa bin wurin ba. Sabon karatu haka ya ke. Watannin da muke yi a aji share hanya ne kawai. In an rufe aji ba ka ci gaba da bin ta ba, za ta rufe.

Malamanmu na allo sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa almajiri ke yin tishi, yana koma wa abin da ya wuce. Shi ya sa gardi da ya sauke ba ya cewa ya gama, sai ya sake daga farko. Ku dubi Ishiriniya ko Dala'ilu na wani dattijo mai yawan karanta su. Za ku ga takardun sun yi ja, gefensu ya cinye. Babu mai ganin wannan ya ce dattijon ya yi sakaci.

Littafi ɗaya, fahimta iri iri

Akwai wani dalili kuma, wanda ban gane shi ba sai da na girma. Littafi ba ya sakewa, amma mai karanta shi yana sakewa.

A cikin Magana Jari Ce na ɗaya, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci don a jawo yaron waje a ba da shi ga abokan gaba. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai wani aku ya tsare shi da labari, har gari ya waye bai fita ba. Ina yaro, labaran kawai na ke so. In na zo wurin da aku da Musa ke magana, sai in yi sauri in wuce, don in kai ga abin dariya.

A watan Fabrairu na 2015 aka kawo hari Boso da Difa. Gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a jiharmu. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka sa dokar hana fitar dare. Mutane da yawa suka bar garuruwansu na bakin kogi, suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta. Duk wanda ke nan a lokacin ya san abin da aka gani.

A gidana akwai ɗan yayana, saurayi ɗan kabu-kabu. Dare ɗaya sana'arsa ta tsaya. Ya wuni zaune, ba aiki, ba ko dala. Ya fara cewa shi zai bi duniya, ko ina ne, da wannan zama gara tafiya. Ya fara zama da wasu samari da ban san su ba. Na yi masa faɗa, bai ji ba. Uwarsa ta yi kuka, bai ji ba.

Wani dare, don zaman ya yi mana tsawo, na ɗauko tsohon littafina na fara karanta wa yara. Yana bakin zaure, ya juya mana baya. Da na kai tsakiyar labari na rufe, na ce sai gobe. Sai na ji ya ce, "Baba, ƙarasa mana." Na ce, "Gobe bayan lisha." Kashegari yana nan. Jibi ma yana nan. Ana nan sai na lura ashe aikin akun nan na ke yi. Na karanta littafin fiye da shekara ashirin, sai a wannan dare na gane cewa aku ba don nishaɗi ya ke ba da labari ba, ran yaro ya ke tsaro.

Ba zan ce littafi kaɗai ya riƙe yaron ba. Addu'ar uwarsa na nan, Allah kuma shi ne mai tsarewa. Amma da muka ƙare littafin, shi da kansa ya ce in koya masa baƙaƙen. A kan wannan yagaggen littafi ya koyi karatu. Yau yana da teburinsa a kasuwa, shi ke rubuta bashinsa da hannunsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

In ba ka da littafi sai ɗaya

Na san littafin hausa yana da wuyar samu a wajenmu. Wani sai an je Damagaram ko Maradi, wani sai an tsallaka Najeriya. Kada wannan ya karya maka zuciya. Littafi ɗaya da ka karanta sau goma ya fi goma da ke kulle a akwati. Ga yadda za ka yi da ɗayan da ke hannunka:

1. Ka sa wa karatu lokaci, kamar bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Ko shafi ɗaya ne a rana, ya isa.
2. Ka karanta da murya. Kunne yana kama kuskuren da ido ya bari.
3. Ka karanta wa wani: matarka, mijinki, yara, ko tsohuwar da idonta ya raunana. Mai sauraro ba ya barin ka yi ƙyuya.
4. In ka gama shafi, rufe littafin ka faɗi abin da ka ji da bakinka, ko da barbarci ne ko fillanci.
5. Kalmar da ta gagare ka, rubuta ta cikin kaye, ka tambayi wanda ya sani.
6. In ka kai ƙarshe, huta kwana biyu ka koma farko.
7. Ku yi musaya. Mutum biyar masu littafi ɗaya ɗaya, in sun yarda da juna, kowa yana da biyar. Ku rubuta sunan mai aro da ranar da ya karɓa.

Yadda za a ƙara wa littafi kwana

Cewa littafi ya tsufa a hannu ba ya nufin a wulaƙanta shi. Takalmi ma ana sa shi ne don ya ci ƙasa, amma mai hankali yana kai shi wurin baduku kafin ya rabe. Ga abin da na koya wajen jinyar nawa.

Tun yana sabo ka yi masa riga. Takardar buhun siminti, in an kakkaɓe ta da kyau, tana da ƙarfi. Ka rubuta sunanka da sunan littafin a kai.

In bango ya fita, yanko kwali biyu daidai girman littafin. Ka haɗa su da ƙyalle a baya, ka manna da ƙaro. Ƙaro ba ya wuya a ƙasarmu. Jiƙa shi cikin ruwa kaɗan har ya narke, ka shafa sama sama, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Kada ka manna da kunu ko ƙullun gari, don kyankyaso da ɓera za su bi ƙanshinsa.

In takardu sun fara zubewa, jera su bisa lambarsu. Huda wuri uku ko huɗu a gefen baya da basilla, ka ɗinke da zare mai ƙarfi. Kada ka matsa kusa da rubutu. Ledar nan mai manne da ake saya a kanti tana riƙewa da farko, amma zafin ƙasarmu yana busar da ita, ta faɗi ta bar jan tabo.

In lambar shafi ta cinye, sake rubuta ta da bik. Marubuta Alƙur'ani na ƙasar Barno ba sa ɗinke takardunsu, a sake su ke cikin gafaka. Amma a ƙasan takarda su kan rubuta kalmar da za ta fara ta gaba, don in sun hautsine a iya jera su. Kai ma kana iya yin haka.

In shafi ya ɓace, ari littafin wani ka kwafe shi da hannunka, ka ɗinka a wurin. Ka sami shafi, ka kuma sami aikin rubutu.

Kada ka ajiye littafi a ƙasa ko jikin bangon laka, nan ne hanyar gara. Ka sa shi cikin jaka ka rataye. Busasshen ganyen dogon yaro cikin jakar yana rage ƙwari. Mutanen bakin kogi sun tuna ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022: abin da ke ƙasa shi ruwa ya fara ci. Da damina ana iya sa shi cikin leda, amma a riƙa fiddo shi yana shan iska, don laima na sa takarda ta yi funfuna. In ya jiƙe, a shanya shi a inuwa, a riƙa buɗe takardun a hankali.

Babban maganin gara kuwa shi ne hannu. Littafin da ake buɗewa kullum, gara ba ta samun sukunin yin gida cikinsa.

Matar nan da na ba ku labarinta ta sake shiga aji. Ba ta daɗe ba baƙaƙen suka dawo mata, don hanyar da aka taɓa bi ta fi sauƙin sharewa. Da aka ba ta sabon littafi, ta yi masa riga da takardar siminti, ta rataye shi kusa da inda ta ke tuyar ƙosai. Kwanan baya na gan shi. Duk gefensa mai ne. Ta ce, "Malam, ka ga yadda ya koma." Na ce, "Inna, madalla. Haka na ke son ganinsa."

Tambayoyi

1. Me ya sa dattijon ya nemi gafara wurin malam? Me malam ya ce masa?
2. Me ya sami littafin da aka ɓoye cikin akwati? Me ya sami karatun mai shi?
3. Wa ya rubuta Magana Jari Ce? A wane gari?
4. Faɗi bambancin karatu na farko da na biyu da na uku.
5. Don me aku ke ba Musa labari kowane dare?
6. Kawo abubuwa uku da ke ɓata littafi, da maganin kowane ɗaya.

Aiki

Karanta wannan darasi sau uku cikin mako guda. A karo na uku, karanta wa wani a gidanku. Rubuta cikin kayenka abu ɗaya da ka gane a karo na uku wanda ba ka lura da shi ba a karon farko. Ranar aji mai zuwa, kowa ya zo da littafin da ya fi tsufa a gidansu, tare da zare da allura da kwali. Za mu gyara su tare.